Finafinan da na fi so, da abin da ya sa

Yara, yau a kan silima za mu yi magana. Na san ba baƙon abu ba ne gare ku. Wasunku suna kallo a tele, wasu a salular yayyensu, wasu kuma su biya ƴan daloli su shiga rumfar bidiyo ta bakin kasuwa. In an tambaye ku daga ina fim yake fitowa, za ku ce daga Kano, ko Indiya, ko Amurka, ko ƙasar Sin. Ba ku yi ƙarya ba. Amma da wuya a sami yaro guda cikin aji da zai ce daga Yamai, ko daga Tawa, ko daga Damagaram. Abin nan yana damuna, domin finafinan da na fi so duk duniya, yawancinsu a nan Nijar aka yi su, kuma an yi wasunsu tun iyayenku ba su zo duniya ba.

Ni ba masanin silima ba ne, malamin makaranta ne kamar sauran malamanku. Ma'aunina guda ɗaya ne. Fim mai kyau, a wurina, shi ne wanda in an kashe na'ura, an watse, ka je ka kwanta, sai ka ga bai ƙyale ka ba. Da safe ka gamu da wani mutum a bakin rijiya ko a tasha, ka ce a ranka: ai wannan na gan shi jiya cikin fim. Wanda kuwa ka manta da shi kafin ka kai ƙofar gida, wannan ya ci kuɗinka, ya ci barcinka.

Na farko gare ni shi ne wani gajeren fim da Mustafa Alasan ya yi a shekarar 1966. Sunansa da Faransanci Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Bai fi rabin awa da ƴan mintoci ba. Ga yadda labarin yake. Wani saurayi mai suna Jimi ya tafi Amurka, ya komo gida. Tsarabar da ya kawo wa abokansa akwati ne cike da kayan kaboyi: malafuna masu faɗi, dogayen takalma, matsattsun wanduna, ɗamaru da bindigogi. Kowa ya ɗauki nasa ya sa. Da suka sa kayan, sai suka ga sunayensu na yanka ba su dace da su ba, kowa ya zaɓi sabon suna irin na cikin silima. Wannan ya zama Black Cooper, wancan ya zama James Kelly, budurwar da ke cikinsu ta zama Reine Christine. Suka sami dawaki suka hau. Daga nan gari ya shiga uku. Suna caca, suna shan giya, suna dukan mutane, suna ɗaukar abin da ba nasu ba, ba sa ganin kowa da gashi, har tsofaffin gari. Da tafiya ta yi tafiya, sai faɗa ya komo tsakaninsu, domin kaboyi ba ya zama ba abokin gaba, in bai samu a waje ba sai ya nema cikin abokansa.

Abin da ya fara kama ni dariya ce. Akwai inda za ka ga kaboyin nan sun yi sukuwa cikin daji, malafa a kai, bindiga a ƙugu, kamar dai a Amurka. Sai ga raƙuman dawa suna gudu a gabansu! Nan take ka tuna a Nijar kake. Raƙumin dawa ba ya ƙasar kaboyi, yana nan wajen Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai. Mustafa Alasan bai buɗe baki ya ce samarin nan wawaye ne ba. Ya bar raƙuman dawa su faɗa.

Amma bayan dariya akwai abin da ya rage. A zamanin da aka yi fim ɗin, samarin Yamai suna cika gidajen silima da dare, kuma finafinan kaboyi suna cikin waɗanda aka fi nunawa. Suna fitowa suna kwaikwayon tafiyarsu, da maganarsu, da sunayensu. To, kun gani, fim ne da yake magana a kan masu kallon fim. Ya tambaye mu: in ka kalli abu kullum, wane ne kake zama? Yau ba a bukatar Jimi ya hau jirgi ya kawo akwati. Akwatin yana cikin aljihun kowa, ana ce masa salula. Ku dubi askin da ke kan ƙanenku, ku dubi sunayen da ƴan kabu-kabu suke rubutawa a bayan baburansu, ku saurari laƙabin da samari suke kiran juna da shi a fada. Duk daga cikin wani akwati suka fito.

Kada ku ɗauka ina cewa abin waje duk mugu ne. Shi kansa Mustafa Alasan ya je Kanada ya ƙaro sani, kuma na'urar da ya ɗauki fim ɗin da ita ba a Tawa aka ƙera ta ba. Allon da muke rubutu a kai da allin da ke hannuna su ma baƙi ne. Bambancin da nake gani shi ne, Mustafa ya ɗauki kayan baƙi ya yi aikin gida da su, su kuwa abokan Jimi kayan ne suka ɗauke su. Hausawa suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Kowane lokaci na sake kallon fim ɗin nan, sai in dubi kaina ma, in tambayi nawa ne cikin ɗabi'una na aro.

Wadda ta fito a matsayin Reine Christine sunanta Zalika Sule. A lokacin ba ta kai shekara 20 ba. Tana cikin matan farko na ƙasar nan da suka mai da wasan silima sana'a, kuma ta sha wuya a kan haka. Sau da yawa ana ba ta matsayin muguwar mace ko mara kunya, sai mutane su gan ta a hanya su zage ta, sun kasa raba mai wasa da abin da ta kwaikwaya. A shekarar 2004 Rahamatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta. Zalika ta rasu a 2021. Na kawo zancenta ne domin na sha jin yara suna tsine wa wani ɗan wasan Kano wai mugu ne. In ya sa kun ji haushinsa, to ya iya aikinsa ke nan.

Fim na biyu shi ma labarin komowa gida ne, amma ba dariya a cikinsa sai kaɗan. Sunansa Cabascabo, na Umaru Ganda. Kafin in ba ku labarin, sai kun san mutumin, domin rayuwarsa ce ya ɗauka ya sa a fim. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙi a Indoshin, can gabashin Asiya, inda ƙasashen Biyetnam da Lawos da Kambodiya suke yanzu. Ku duba taswira ku ga nisan wurin. Yaro ɗan bakin Kwara ya je yana harbin mutanen da ba su taɓa yi masa kome ba, su kuma ƙasarsu suke neman ƙwatowa daga hannun waɗanda suke mulkin tasa ƙasar. Da ya komo bai sami aiki ba, sai ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya sa shi cikin fim ɗinsa Moi, un Noir a 1958. Daga nan ya koyi sana'ar. Shekara 10 bayan haka, a 1968, ya yi nasa na kansa, kuma a 1969 aka nuna shi a babban bikin silima na Cannes a Faransa.

Cabascabo tsohon soja ne da ya komo Yamai daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Ranar da ya sauka, gari ya ɗauka. Abokai sun zo, maroƙa sun zo, ƴan mata sun zo, ƴan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa sun kewaye shi. Yana ba su labarin yaƙi, suna jinjina masa, shi kuwa yana biyan kuɗin abin da kowa ya ci ya sha. Kwanci tashi, aljihu ya yi sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka janye jiki. Wanda jiya yake kiransa maigida, yau in ya hango shi sai ya sake hanya. Ya nemi aiki irin wanda yake ganin ya dace da tsohon soja, bai samu ba. A ƙarshe ya saɓa kayan aiki a kafaɗa ya nufi ƙauye, wajen noma.

Me ya sa nake son wannan fim har haka? Domin na san Cabascabo. Ku ma kun san shi. Yana cikin kowane gari daga Ƙonni har Gure. Wani daga ci-rani a Legas ya komo, wani daga Libiya, wani daga Aljeriya, wani kuma daga haƙar zinariya a Jado, inda dubban mutane suka kwarara tun 2014. Ya komo da sabuwar rediyo, da babur, da tabarau. Wata guda gidansu ya zama kasuwa. Kafin damina ta faɗi, an sai da babur, ana neman rancen iri. Mutane sukan yi wa irin wannan mutum dariya a bayan idonsa. Umaru Ganda bai yi masa dariya ba, don shi ma ya bi ta hanyar, kuma shi da kansa ya fito a matsayin Cabascabo. In ka dubi fuskarsa lokacin da kuɗi suka ƙare, kunya da fushi da gajiya duk suna wurin, ba tare da ya ce uffan ba. Kuma fim ɗin bai gaya mana ko gonar ta yi albarka ba. An bar mu da bayan mutum yana tafiya. Na daɗe ina tunanin ko ya jure, ko kuwa ya sake komowa birni bayan kaka.

Umaru Ganda ya yi wasu finafinan. Ɗaya daga cikinsu, Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji ne da ya ƙwace budurwar wani saurayi da ƙarfin dukiya ya yi ta uku da ita, abin ya ƙare da zubar da jini. Wannan na manya ne, sai kun girma. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a Wagadugu ana yin babban bikin silima na Afirka mai suna Fespako, kuma a 1972, karon farko da aka ba da babbar kyautarsa, wadda ake kira Ingarman Yennenga, wannan fim ne ya ci ta. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarta, gaban duk ƙasashen Afirka. Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45 kacal. In kun je Yamai za ku ga gidan raya al'adu da aka sa wa sunansa.

Yanzu wani zai ce, ashe mushe ba ya son fim ɗin Indiya. Ina so mana! Akwai guda da nake sa shi sahu ɗaya da na Umaru Ganda. Sunansa Mother India, wato Uwa Indiya, an yi shi a 1957. Ku tambayi kakanninku da suka zauna birni, da yawa sun gan shi. Dogo ne, ya kusa awa 3, kuma akwai waƙa da rawa kamar yadda kuka saba. Amma gindin labarin bashi ne. Wata tsohuwa ta ranci rufi 500, kuɗin Indiya, wajen wani mai ba da rance ana ce masa Sukhilala, don ta yi wa ɗanta aure. Ba ta iya karatu ba, ta dangwala yatsa a takarda. Da kaka ta yi, sai aka ce takarda ta ce kashi 3 cikin 4 na amfanin gona nasa ne, kuma wannan ruwan kuɗi ne kawai, uwar kuɗin tana nan. Ku yi lissafi: in gona ta ba da dami 40, ya kwashi 30, a bar wa gida 10. Haka kowace shekara. Mijin amaryar, Radha, dutse ya danne masa hannuwa wajen gyaran sabuwar gona, ya nakasa, kunya ta sa ya bar gida cikin dare. Radha ta rage da ƴaƴa, da yunwa, da ambaliya, da bashin da ba ya ƙarewa. Har ta kai ga jan garma da kafaɗarta, don shanun sun tafi.

Mutanen cikin fim ɗin ba su yi kama da mu ba, tufafinsu dabam, addininsu dabam. Duk da haka ban taɓa kallonsa na ji a baƙuwar ƙasa nake ba. Wane ne cikinku bai san manomin da ya karɓi tiyar hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, aka ce ya biya biyu ko uku da kaka ba? Kuma ku lura da abin da ya ɗaure gidan Radha shekara da shekaru: takarda guda ce da ba mai iya karanta ta a gidan. Ni malami ne, dole wannan wuri ya tsaya mini a rai. Duk ranar da na ga yaro yana wasa da darasin kashi da ninki, sai in tuna da Sukhilala da littafin bashinsa.

Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa yanzu, ina kallonsu jefi-jefi, ina kuma dariyar bakin masu fassarar, don wasunsu gwanaye ne. Sai dai yawancinsu mutum guda ne yake doke mutum hamsin, mota ta tashi sama, gobe ka rasa abin da za ka ba da labari. Na Kano kuwa, da suka fara yaɗuwa tun wajen 1990, suna da wata daraja da ba mai ƙwace musu: kakata tana gane su ba tafinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙorafina da su shi ne, sau da yawa labarin guda ne, saurayi ɗaya da ƴan mata biyu cikin wani katafaren gida mai bene, kamar duk ƙasar Hausa ba manomi, ba makiyayi, ba mai jan ruwa. Wanda na fi so cikin finafinan Hausa ya girme su duka. Shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a Nijeriya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin bauta, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Fim ɗin nan ya ɓace shekaru da yawa, har ana zaton ya salwanta. Daga baya aka gano shi cikin wani ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka sake nuna shi a Balin a 2018. Ashe fim ma yana ɓata kamar akuya, in ba mai kula da shi.

Akwai kuma Sarraounia, wanda Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya yi a 1986 daga littafin marubucinmu Abdullahi Mamani. Shi ma ya ci Ingarman Yennenga, a 1987. Tarihin kun san shi ko za ku karanta shi. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratsa ƙasar nan ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Birnin Ƙonni ya ga bala'i a hannunsu. A Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, Sarauniyar Azna ta ƙi miƙa wuya, mutanenta suka tare su da baka da kibiya. Ƴan watanni bayan haka, a wajen Tasawa, sojojinsu da kansu suka harbe hafsoshin nan biyu, kuma kaburburansu suna Maijirgi. Ku ƴan jihar Maraɗi, wannan a ƙofar gidanku ya faru.

Ina son fim ɗin domin bai ɓoye kome ba. Ya nuna muguntar baƙi, ya kuma nuna cewa yawancin masu riƙe musu bindiga baƙaƙen fata ne irinmu, kuma wasu sarakunan maƙwabta sun gwammace a ci Sarauniya da su taimake ta. Amma kullum na kalle shi da ɗan ciwo a zuciya. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma mafi yawan maganar da ke ciki ba Hausa ba ce. Sarauniyar Lugu tana magana, jikokinta na Lugu suna bukatar tafinta! Ban ga laifin Med Hondo ba, ya yi abin da ya iya, mun gode masa. Amma ina jiran ranar da wani zai sake ɗaukar labarin nan a ƙasar Arewa, da bakin Arawa. Mai yiwuwa yana zaune cikin wani aji yanzu yana karanta wannan shafi.

Finafinai biyu a kan ruwa nake haɗawa wuri guda a raina, ko da yake kusan shekara 50 ne tsakaninsu. Na farko Toula, na Mustafa Alasan, wanda aka yi a lokacin babban farin nan na 1973, daga wani labarin gargajiya da Bubu Hama ya rubuta. Ƙasa ta bushe, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Saurayin da ke son Tula ya tafi neman ruwa don ya cece ta. Ya samo, amma kafin ya komo an riga an ba da ita. Na biyu Marcher sur l'eau, wato tafiya a kan ruwa, wanda A'isa Maiga ta yi a 2021 a wani ƙauyen Fulani cikin Azawak. Wannan ba tatsuniya ba ce, mutanen gaske ne. Wata yarinya mai shekara 14, Hulai, tana tafiya mai nisa kullum da jakai da bidoji neman ruwa, iyayenta sun tafi nema, ƙanne suna hannunta, makaranta tana wuce ta. Alhali kuwa can ƙarƙashin ƙafarta, cikin ƙasa da zurfi, ruwa ne kwance mai yawa. Shi ya sa aka ba fim ɗin wannan suna. Mutanen garin tare da malamin makarantarsu suka rubuta takarda zuwa ga hukuma, har aka zo aka haƙa musu rijiyar burtsatse. Cikin finafinan nan biyu, in ruwa ya yi wuya, yarinya ce take biya. Ku dubi kujerun ajinku a watan Afrilu da Mayu, ku ga na wa suka fi zama ba kowa.

Ƴan Damagaram kuma ku san kuna da taku. A'isha Maki, haifaffiyar garinku, ta yi fim mai suna Zinder a 2021, a kan samarin unguwar Kara-Kara, waɗanda mutane suke tsoro suna gudu. Ta shiga cikinsu ta zauna, ta bar su suka yi magana da bakinsu, da Hausar Damagaram tsantsa. Shi ma sai kun ƙara girma, don akwai maganganu masu nauyi a ciki.

Na san abin da za ku ce a kan tsofaffin finafinan nan, don yaran ajina sun sha faɗa mini. Wasu baƙi da fari ne, ba launi. Tafiyarsu a hankali take, ba a faɗa kowane minti. Kuma ana magana da Zabarmanci ko Faransanci. Maganar launi da saurin tafiya, gaskiya ne, sai an yi haƙuri na minti 10 na farko, daga nan ido ya saba. Maganar harshe kuwa, ku ne bai kamata ku yi kuka ba. Kuna karatu da harshe biyu. Fassarar da ake rubutawa da Faransanci a ƙasan hoto, ku kuke iya karanta ta, ku juya wa iyayenku da Hausa. Zabarmanci kuma harshen ƴan'uwanmu ne na ƙasa guda, ba laifi kunne ya saba da shi.

Matsalar gaske ita ce samunsu. Gidajen silima na da, waɗanda ba su da rufi, ana kallo ana ganin taurari, yawancinsu sun rufe tuntuni. Kyawawan kwafin wasu finafinan namu a Faransa suke ajiye. Ana samun wasu a intanet, wasu kuma tele takan nuna su sa'i da lokaci, ko a gidajen raya al'adu. Mai sai da finafinai a kasuwa zai cika maka salula da na Indiya 20 a kan kuɗi kaɗan, amma ka ce masa Cabascabo, sai ya ce wane ne haka? Ra'ayina shi ne, yadda aka sa tatsuniya da tarihi cikin littafin karatu, haka ya kamata a sa finafinan nan cikin shirin makaranta. Ba abu ne mai wuya ba. Farin zane, da ƙaramar na'urar haska hoto, da batir mai caji da hasken rana sun isa, kuma na'ura guda tana iya zagaya makarantu 10. In tsaranku ya wuce bai gan su ba, ban san wanda zai nuna wa na bayanku ba.

Bari in komo kan Mustafa Alasan, don akwai wani ɗan fim nasa da na tabbata zai fi burge ku. An haife shi a 1942, ya yi aikin kanikanci, ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe na'urar ɗaukar hoto, yakan yanka kwali ya yi siffar mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta faɗa kan zane, yara su taru suna kallo. Da ya girma sai ya zama ɗaya daga cikin mutanen farko a Afirka ta Yamma da suka yi fim da zane. A 1966 ya yi Bon voyage, Sim, wato a sauka lafiya, Sim. Minti 5 ne kawai. Sim kwaɗo ne, kuma shugaban ƙasar kwaɗi. An gayyace shi ziyara maƙwabciyar ƙasa, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da fareti da bushe-bushe da duk wani girma da ake yi wa manya. Kwaɗi ne fa, da manyan idanu da kumburarren ciki! Shekara 6 ke nan da samun mulkin kai, kowa ya gane da wa ake, amma wa zai kama mutum don ya zana kwaɗo?

Kun san yadda zane yake motsi? Fim hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri a gaban ido, 24 cikin daƙiƙa guda, sai ido ya ɗauka abu ne mai tafiya. Masu zane sukan ɗauki kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. To, minti 5 daƙiƙa nawa ne? 300. Ku ninka da 12, ku ga yawan hotunan da ake bukata kafin Sim ya je ya komo.

Ku ma kuna iya gwadawa yau da dare. Ku sami kaye, ku fara daga shafin ƙarshe. A kusurwar ƙasa ku zana kwaɗo zaune. A shafin da ke bisansa ku sake zana shi a daidai wurin, amma ya ɗan ɗaga. A na gaba ya ƙara ɗagawa, ƙafafu sun miƙe. Ku yi haka shafi 20 ko 30, har ya sauka can gefe. Sa'an nan ku kama kusurwar da babban yatsa, ku saki shafukan da sauri. Wanda kwaɗonsa ya yi tsalle, ya kawo aji mu gani. Amma a tsohon kaye za ku yi, wanda ya cika, ban da na lissafi da muke aiki da shi.